Kunnen Alhaji Bakoji

A karar Birnin Gwari babu wanda bai san Alhaji Bakoji ba. Dillalin shanu ne tun yana saurayi, kuma mutum ne da ya yi imani cewa da aka zo rabon wayo a garin shi aka ba rabi, sauran jama'a suka yi wawason abin da ya rage. Idan mutumin ƙauye ya shigo kara yana jan bijimi, Bakoji yakan dube shi daga hula zuwa takalmi, ya taɓe baki, kafin ma ya dubi dabbar. Ya sha sayar da saniya mai ɗingishi ta hanyar tsayar da ita cikin taɓo, inda kowace dabba ke ɗaga ƙafa da ƙyar, kuma bai taɓa kiran wannan zamba ba. A wurinsa, wanda ya zo kasuwa da idanunsa a buɗe ya kasa gani, shi ya cuci kansa.

Yana da wata tsohuwar Golf ja mai dogon baya, wadda ya daɗe yana hawa. Da damina ta kama, sai motar ta fara wata ƙara. Muddin hanya a miƙe take, lafiya lau. Amma da ya karya sitiyari zai sha kwana ya taka mai, sai a ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga gaba, kamar wani ya kwanta a ƙarƙashinta da ƙaramar guduma yana neman a buɗe masa.

Ba don yana so ba ya kai ta garejin Isah, wanda ke ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a bakin hanyar Kaduna. Isah dogon bakanike ne mai kaifin baki, wanda ba ya tashi tsaye don wani ya zo da babbar riga, kuma shi da Bakoji sun daɗe ba sa ga maciji. Ya sa Bakoji ya karya sitiyarin har ƙarshe ya yi ta zagaya filin garejin, shi kuma yana bin motar da ƙafa, kansa a karkace. Ya sa shi ya juya ɗaya ɓangaren, ya sa shi ya yi baya. Daga nan ya ɗaga gaban da jak, ya girgiza tayar sama da ƙasa, ya girgiza ta hagu da dama, sannan ya leƙa bayanta ya fito da yatsa baƙi ƙirin. Ya ce kan shaf na hagu ne, wato gaɓar da ke kai ƙarfin inji ga taya ko da tana karkace. Robar da ke rufe gaɓar ta yage, girisi ya tsiyaye, yashi ya shiga ya cinye ƙwallayen da ke ciki. Sai dai a canza.

Bakoji ya tambaye shi ko babu yadda za a yi ƙarar ta yi shiru na ɗan lokaci. Isah ya ce ana yi, amma ba a garejinsa ba. Ya ƙara da cewa duk wanda ya rufe bakin wannan ƙara ya ci gaba da hawa, wata rana zai taka mai inji ya yi ta kuka mota ba ta motsa ba, kuma abin ba ya zaɓar inda zai faru.

Bakoji ya tafi yana tsaki. Bakanike, in ji shi, ba ya ganin mota sai ya ga abincin darensa.

Akwai wani mai faci a bayan tasha da ake kira Hammadu, wanda hannunsa ke shiga duk aikin da wasu suka ƙi. Shi Bakoji ya kira gida, suka rufe ƙofar gareji. Hammadu ya kwaɓa girisi mai kauri da garin katako da ya ɗebo wurin kafinta, ya cusa cikin gaɓar har ta ƙi karɓa, ya naɗe ta da tsohuwar robar taya ya ɗaure da waya. Kwanon da suka yi kwaɓin na Hajiya Zulaiha ne, matar Bakoji, kuma ta tsaya a bakin ɗakin girki tana kallonsu har suka gama. Mace ce mai ƙarancin magana, amma in ta yi, sai an kwana ana jin zafinta. Abin da ta tambaya kawai shi ne ɗan wace uwa za a saka a cikin wannan motar. Bakoji ya ce mata harkar kasuwa ba ta mata ba ce, ta wanke kwanonta.

Ƙarar ta yi shiru tsit. Ba a jima ba kuma mai saye ya samu.

Sunansa Audi, manomi ne daga Tabanni, ya sayar da waken suyan da ya ajiye, yana so ya sauka daga babur. Bai daɗe da koyon tuƙi ba, kuma irin mutanen nan ne masu fara dariya tun kafin a gama magana. Bakoji ya ɗauke shi gwaji a kan kwalta, inda hanya ta miƙe sambal. Da za su juyo, ya nemi wuri mai faɗi, ya ɗage ƙafa daga mai ya bar motar ta gangara a hankali. Audi ya shafa kujeru, ya kunna rediyo, ya danna oda, ya ce ai wannan sabuwa ce. Da yamma Bakoji ya ba abokansa labari a majalisa, yana kwaikwayon yadda baƙauyen ke shafa kujera, har hawaye suka zo masa don dariya.

Ya aika a sayo masa wata motar daga Kaduna. Dillalin can kuwa ya yi ta ja masa rai, yau takardu, gobe fenti, har Bakoji ya koma zuwa kara a ƙafa yana cewa likita ne ya ba shi shawarar tattaki.

Ana cikin haka autarsu Raudatu, wadda ke aure a Tabanni, ta sami haihuwarta ta biyu, namiji. Hajiya Zulaiha ta haɗa kayan barka, Bakoji ya zaɓi rago mai ƙaho a kara don kada dangin miji su raina shi. Surukin ya bugo waya ya ce kada su wahalar da kansu neman mota, zai turo maƙwabcinsa ya ɗauko su ranar jajiberin suna. Bakoji bai tambayi wane maƙwabci ba.

Ranar, da hantsi, aka danna oda a ƙofar gida. Ya san odar. Ya fito zaure ya ga jar Golf a tsaye, taɓo har rabin ƙofofinta, Audi ya fito ya durƙusa yana gaisuwa baki har kunne. Ya ce da ya ji iyayen Raudatu ne, shi ya roƙa a ba shi wannan aikin, don Alhaji ya ga yadda ake kula masa da tsohuwar motarsa.

Bakoji ya koma ciki ya tarar da Hajiya tana ɗaura mayafi. Ya ce cikinsa na murɗa, su yi gaba shi zai biyo da babur. Ta tuna masa cewa ciwon bayansa ya hana shi babur tun bara. Ya ce to a nemi wata motar, wannan ba za ta ɗauki kayan ba. Ta ce shi da bakinsa ya gaya wa yaron cewa motar na ɗaukar buhunan masara har rufi. Sannan ta dube shi sosai.

"Ko akwai abin da ke damun motar ne, Alhaji? In akwai, ga mai ita can a waje, sai ka gaya masa."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

Aka loda shinkafa da jarkar mai da turamen zannuwa, aka ɗaure ragon aka kwantar da shi a baya. Bakoji ya zauna gaba, Hajiya tana bayansa. A kan kwalta motar ta tafi shiru, har ya fara gaya wa kansa cewa aikin Hammadu ya fi na Isah, kuma dama bakanike ba shi da sana'ar da ta wuce tsoratar da mutane. Amma da suka bar kwalta Audi ya karya sitiyari zai shiga hanyar ƙasa, ya taka mai kamar yadda ya saba yi wa babur, sai ga ta nan. Ƙwas-ƙwas-ƙwas. Ba ma irin wadda Bakoji ya sani ba. Wannan ta yi kauri, har yana jin ta a tafin ƙafarsa.

Audi ya ƙara muryar rediyo. Bakoji ya tambaye shi, kamar ba komai, ko bai ji wani abu ba. Audi ya yi dariya ya ce ai ta kwana biyu tana yi, wani direba ya ce masa haka Golf take in ta saba da mai ita. Na yau da ya yi yawa kuwa, ragon ne ke buga kofato.

"Lallai ragon nan ya yi karatu," in ji Hajiya daga baya. "Ba ya buga ƙafa sai an zo kwana."

Audi ya yi dariya har da dukan sitiyari. Bakoji bai juya ba.

Hanyar ta damina ce, ramuka cike da ruwa, kuma Audi ba ya shiga rami, kauce masa yake yi. Kowane rami kwana ne, kowace kwana kuma sai gudumar ta buga. Gonakin masara suka fara raguwa, ciyawar gamba ta tashi a gefen hanya ta fi mota tsawo, bayanta kuma duhun itatuwan doka. Tun da aka yi sulhu da 'yan bindiga hanya ta lafa, motoci na wucewa, kasuwanni sun dawo ci. Duk da haka babu direban da ke tsayawa tsakanin Unguwar Dogo da babban rafi, ko fitsari ya matse shi. Kowa ya san wanda aka taɓa ɗauka a wannan tsakanin, kuma kowa ya san wanda bai dawo ba.

Bakoji ya fi kowa sani. A shekarun da abin ya yi tsanani, duk lokacin da aka zo da labarin an tare wani a daji, shi ne ke fara cewa me ya kai shi, mutum da hankalinsa. Yanzu ya dubi kansa: farar shadda, tumbi, agogo mai ruwan zinare, zoben azurfa, ga rago a baya. Ko makaho ya shafa shi ya san ya kama dillali. Ya tuna maganar Isah, inji na kuka mota ba ta motsi, ya ga kansa a tsaye cikin gamba yana jiran wanda zai fara fitowa. A hankali ya zare agogon ya tura cikin aljihun wando, ya bi shi da zoben. Ya ji Hajiya ta yi wani ɗan tari a bayansa, irin tarin da ba na mura ba.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne Audi. Wannan sakaran, da kunnuwa kamar na jaki, ya yi makonni yana jin mota na kuka bai kai ta wurin kowa ba. Wane irin mutum ne zai ɗauko iyalin wani a mota irin wannan? Bakoji ya ji ransa ya ɓaci da gaske, kamar shi aka cuta.

Rufin kwanon Unguwar Dogo ya bayyana. Daga nan sai daji. A ƙofar ƙauyen akwai wata kwana mai kaifi da ta zagaye kududdufi, Audi ya sha ta da gudu, motar ta yi ƙarar da har sitiyarin ya girgiza a hannunsa.

"Tsaya," in ji Bakoji. "Kashe rediyon nan ka tsaya."

Audi ya taka birki a gaban rumfar mai shayi. Bakoji ya fito a hankali, ya gyara babbar rigarsa, ya tsaya ya rufe ido kamar mai sauraren wani abu daga nesa. Mutanen rumfar suka juyo. Da ya tabbata kowa na kallonsa, sai ya ce shi dai kunnensa bai taɓa yaudararsa ba, akwai abin da ke gaban motar nan, kuma ba zai bari a shiga daji da matarsa ba sai ya gano shi.

Akwai filin ƙwallo na makarantar firamare a gefen hanya. Can ya sa Audi ya kai motar. Ya ce ya karya sitiyari har ƙarshe ya zagaya, shi kuma ya bi motar da ƙafa, kansa a karkace, yana tattare da rigarsa. Ya sa shi ya juya dama, ya sa shi ya yi baya. Rabin ƙauyen ya fito kallo. Ya sa aka sauke ragon don Audi ya ji da kunnensa cewa ba kofato ba ne. Ya sa aka ɗaga gaban da jak, ya kama tayar ya girgiza sama da ƙasa, hagu da dama, yana gyaɗa kai, ko da yake bai san abin da girgizar ke nunawa ba. A ƙarshe ya nuna bayan tayar hagu da sandar wani tsoho, daga nesa, don bai so kowa ya leƙa sosai.

"Kan shaf ne," ya ce. "Na hagu. Roba ta yage, yashi ya shiga ya cinye ƙwallaye. Da mun shiga dajin nan, a can za mu kwana."

Mutane suka yi salati. Wani dattijo ya ce wannan baiwa ce, akwai masu jin cutar dabba daga numfashinta, ashe har ta ƙarfe ana ji. Audi ya tsaya riƙe da baki, ya ce wallahi da shi kaɗai ne da ya wuce. Hajiya Zulaiha, wadda wata mata ta shimfiɗa wa tabarma a inuwar ɗorawa, ta ce ai Alhaji ya san motar nan ciki da waje, musamman ciki.

Sai maganar gyara. Bakoji ya so a kira Hammadu, amma kafin ya buɗe baki Audi ya riga ya hau kan wani suri, inda aka ce nan kaɗai waya ke kamawa, yana kiran Isah. Ya ce duk direbobin Tabanni shi suke kai wa.

Bayan azahar Isah ya iso a kan babur, akwatin kayan aiki a ɗaure a baya, sabon kan shaf a cikin kwali. Ya sauka ya dubi motar, ya dubi Bakoji, ya sake duban motar. Audi ya tare shi da labari, yadda Alhaji ya ji abin da kunne, yadda ya sa a zagaya fili, yadda ya faɗi cutar tun ba a kwance komai ba. Isah ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

"Ikon Allah," ya ce. "Har ya sa ka yi baya ma?"

Audi ya ce ƙwarai.

Isah ya cire tayar, ya kwance babban notin tsakiya da dogon ƙarfe, ya saki gaɓar ƙasa, ya janye cibiyar tayar gefe har shaf ɗin ya fito fili. A nan ya dakata. Ya kira mutane su matso su ga abin al'ajabi. Robar taya ce a naɗe, an ɗaure da waya, ta tsage ta gefe. Ya yanke wayar ya warware ta, wani baƙin abu mai kama da tuwon da ya kwana ya zubo ƙasa. Ya murza shi tsakanin yatsunsa ya nuna wa Audi. Garin katako ne.

Bakoji ya riga kowa magana. Ya ɗaga murya ya la'anci mutanen Kaduna, waɗanda suka sayar masa da motar tun farko, marasa tsoron Allah, masu saka rayukan Musulmi cikin haɗari. Ya ce shi ya yi shekaru yana hawa da wannan mugun abu a ƙarƙashinsa bai sani ba.

Isah ya ɗauki guntun wayar ya juya shi a rana. Ya ce lallai wayar Kaduna daban ce, shekaru a cikin ruwa da taɓo ba ta yi tsatsa ba. Ya ce dai wanda ya yi wannan aikin, da wanda ya sa aka yi, ba su cancanci a ba su amanar keken yara ba, kuma yana fata wata rana a ɗora su a motar da suka gyara a kai su yawo. Mutane suka ce amin. Bakoji ma ya ce amin, don duk idanu na kusa.

Daga nan Isah ya ce aikin na bukatar wanda ya san mota ya riƙe masa, kuma duk wurin babu wanda ya kai Alhaji. Ya miƙa masa kwanon fetur. Bakoji ya dubi farar shaddarsa, ya dubi jama'a, ya tsuguna. Isah ya buge tsohon kan da guduma ya fita, ya jefa shi cikin kwanon da ƙarfin da ya sa baƙin fetur ya fantsamo har ƙirjin rigar. Ya sa shi ya wanke shi tas, wai don mutane su ga cutar da kunnensa ya ji. Da aka wanke, ƙwallayen suka fito duk sun ƙwarzane, kejin da ke riƙe su ya tsage gida biyu, saura ƙiris ya rabu. Bakoji ya sunkuya a kan kwanon. Ya daɗe yana kallon tsagar.

Isah ya goge bakin shaf ɗin, ya zura sabuwar roba, ya cika sabon kan da baƙin girisin da ya zo da shi a kwali, ya doka shi ya zauna, ya ja robar ta rufe ya matse ta da ɗaurinta na ƙarfe. Duk wannan Bakoji na riƙe da cibiyar tayar, gumi na ɗiga daga haɓarsa, bayansa na suka. Aka mayar da gaɓar ƙasa, aka ɗaure babban noti, aka sa taya. Isah ya leƙa ɓangaren dama ya ce wancan robarsa lafiya take. Ya gaya wa Audi cewa daga yau ya riƙa leƙa bayan tayoyinsa, in ya ga girisi ya fantsama ya zo da wuri, roba kawai za a canza. Audi ya zagaya filin hagu da dama, gaba da baya. Babu abin da ake ji sai inji da kukan ragon.

Da Audi ya sa hannu a aljihu, Hajiya ta ɗaga murya daga inuwar ɗorawa ta ce ya mayar, ai Alhaji ya riga ya ce shi zai ɗauki nauyin gyaran, tunda daga hannunsa motar ta fito. Jama'a suka yi ta sa masa albarka. Bakoji ya yi murmushin da ya fi kama da ciwon haƙori, ya ja Isah gefe suka gama.

Sun ratsa dajin lafiya, sun isa Tabanni rana na shirin faɗuwa. Bakoji ya shiga gidan surukai da baƙin tabo a ƙirji da hannuwa masu warin fetur, amma labari ya riga shi. Washegari a wurin suna an fi maganar kunnensa fiye da sunan jaririn. Wani ya kawo babur ya saurara masa, wani ya ce injin ban-ruwansa na tari. Kafin ya bar garin an laƙaba masa Mai Kunne, kuma sunan ya biyo shi har Birnin Gwari.

Ya ji daɗin sunan na ɗan lokaci. Isah bai gaya wa kowa komai ba, don shi ya riga ya sami abin da yake so. Hammadu ne bai iya riƙe bakinsa ba. Da ya ji ana yabon wanda ya gano cutar, sai ya ji haushin ba a yabon wanda ya ɓoye ta, ya ba da labarin kwaɓin a tasha daga farko har ƙarshe, har da kwanon Hajiya. Daga nan sunan bai canza ba, yadda ake faɗinsa ne ya canza. Direbobi suka riƙa jan shi, Mai Kunneee, wani lokaci da ɗan ƙwas-ƙwas na harshe a ƙarshe in ya ba da baya.

Audi kuwa bai taɓa zuwa ya yi masa maganar ba. Kowace ranar kasuwa yakan ajiye jar Golf daidai bakin kara, ya zo ya durƙusa ya gaida Alhaji da ladabi, sannan a gaban dillalai ya roƙe shi ya taimaka ya saurara masa motar, ko akwai abin da aka cusa mata cikin makon. Yana faɗa yana dariyar nan tasa, Bakoji kuma ya kasa gane ko dariyar sakarci ce ko ta wani abu. Da kaka ta yi Audi ya kawo bijimai biyu da ya yi kiwo, ya wuce ta gaban Bakoji ya gaishe shi, ya miƙa igiyar ga wani dillali. Mutanen Tabanni da yawa suka bi sahunsa.

Bakoji ya koma gida ran nan ya gaya wa Hajiya cewa zamani ya lalace, mutanen ƙauye sun daina sanin girman manya, kuma duk wayar hannu ce ta ɓata su. Tana tankaɗe gari, ba ta ɗago ba. Ta tambaye shi ko dillalin Kaduna ya kira game da sabuwar motar. Ya ce ya kira, ranar Asabar za a kawo. Ta ce to in ta zo, kafin ita ta sa ƙafa a ciki, a kai wa Isah ya leƙa bayan tayoyin.